Wa Zai Riƙe Ɗan Kasuwa Ranar Da Ƙafa Ta Gaza?

Jawabin da magatakardan sandika ya gabatar a wajen bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Shugaban ƙungiya, ranka ya daɗe. Iyayenmu alhazai da hajiyoyi, malamanmu, baƙinmu da suka ƙetaro iyaka tun da safe, direbobi, dillalai, ƴan canji, ƴan dako da ke tsaye can bayan rumfa, ina gaishe ku baki ɗaya, ina kuma yi muku barka da wannan rana. Ina neman afuwar manya, don yaro ba ya tsayawa gaban iyayensa ya yi dogon zance sai an sa shi. Shugaba ne ya sa ni, kuma na san dalili. Ni ke riƙe da littafin gudummawa, shi ya sa na san abin da wasunku ba su sani ba game da halin da muke ciki.

Littafin nan ga shi a hannuna. In kuka buɗe shi za ku ga shafi bayan shafi duk abu ɗaya ne: wane ya rasu, an haɗa kaza, motar wane ta faɗi, an haɗa kaza, an kwantar da matar wane a likita, an haɗa kaza. Kullum sai abin ya faru sannan in ɗauki biro in bi ku rumfa rumfa. Wani ya ba ni da fara'a, wani ya ce in dawo gobe, wani kuma da ya hango ni sai ya shige bayan buhuna. Ba na ganin laifin kowa. Ranar da na zo maka wataƙila kai ma ba ka yi ciniki ba.

Akwai wani dattijo da ba zan faɗi sunansa ba, da yawanku kun san shi. Ya yi sama da shekara talatin yana kai wake Kano yana dawowa da kayan masarufi. Yara nawa ya yaye, ya ba su jari, Allah kaɗai ya sani. Da Nijeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, kayansa suka kwana a hanya har ƙwari suka ci rabonsu. An buɗe wasu ƙofofi kamar Illela da Maigatari a Disambar 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilun 2022. Ya lallaɓa ya tashi da bashi. Bai gama miƙewa ba sai ga takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A tsakanin nan ciwon suga ya kama shi. Yau yana gida, ido ya yi rauni, kuma abin da ke shiga hannunsa shi ne abin da tsofaffin yaransa suka tuna suka aiko. Sau biyu na zagaya dominsa. Karo na biyu abin da na tara bai kai rabin na farko ba, don mutane suna ba da gudummawa ga abin da ya faɗo sau ɗaya, shi kuwa tsufa kullum yana nan.

A kansa nake son mu yi maganar abin da gwamnati da ƴan boko ke kira kariyar jama'a. Ma'anarsa ba ta da wuya. Mutane masu yawa su riƙa zuba kaɗan kaɗan tun suna da ƙarfi, hukuma ta tsare asusun da doka, ranar da ciwo ko haɗari ko tsufa ko mutuwar mai gida ta zo, a biya mutum ko iyalinsa a matsayin haƙƙi, ba tare da an yi masa yawo da faranti ba.

Ƙasarmu tana da irin wannan asusu, shi ne CNSS. Yana biyan kuɗin iyali, yana biyan diyyar haɗarin aiki, yana biyan fansho ga tsoho da nakasasshe da iyalin mamaci. Ana cire kashi 5.25 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 16.4. Kun ga an gina shi a kan albashi, a kan mutumin da ke da ubangida ɗaya da ranar biya ɗaya a wata. To a cikin rumfar nan wa ke da albashi? Mai kai raguna Maigatari ba shi da shi. Hajiyar da ke sarin atamfa a Kantin Kwari ba ta da shi. Ɗan dako ana biyansa ne buhu buhu. Mafi yawan masu neman abinci a ƙasar nan, manoma da makiyaya da ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu, duk suna wajen wannan inuwa.

Wani zai ce ai muna da namu tun kaka da kakanni. Gaskiya ne, kuma ban zo in raina shi ba. Muna da adashi. Muna da zakka. Muna da zumunci, da al'adar mai gida ya sallami yaronsa da jari bayan ya yi masa hidima. Muna da fatoma da ke sauke baƙo, ya tsare masa kaya, ya tsaya masa in rigima ta tashi. Waɗannan su suka riƙe fatauci tsakanin Katsina da Maraɗi da Damagaram da Kano tun kafin a ja layin iyaka. Amma ku tuna abin da ya faru da adashinmu a 2023. Adashi yana tafiya ne in masifa ta sami mutum ɗaya, sauran suna tsaye. Da aka rufe iyaka kowa ya faɗi rana ɗaya. Wanda ya riga ya kwasa ya kasa zubi, wanda ke jiran kwasa ya yi ta jira. Ni na san gidaje biyu da har yau ba sa gaisawa saboda wannan. Haka kuma adashi bai san tsufa ba: ranar da ka daina zubi, ranar ka fita.

Abin da ya sa maganar ta zama ta yanzu shi ne, a takarda, ƙasa ta riga ta yarda cewa kariyar nan ta kowa ce. An amince da manufar ƙasa ta kariyar jama'a a 2011. A 2018 aka yi dokar da ta shimfiɗa ginshiƙanta. A Janeba kuma, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijar da Nijeriya duk suke cikinta, ta fitar da shawara mai lamba 202 a 2012, wadda ta ce kowace ƙasa ta kafa wani mataki na ƙasa da ba za a bar kowa ya faɗa ƙarƙashinsa ba: samun magani, da ɗan abin riƙe yara, da na wanda ya kasa aiki, da na tsofaffi. A 2015 ta ƙara da shawara mai lamba 204, wadda ta shafi irinmu kai tsaye, masu aikin da ba ya cikin rajista. Dukansu biyun sun ce a tsara abin tare da wakilan waɗanda abin ya shafa. Mun kuma ga ɗanɗanon abin a aikace: tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, da fiɗar haihuwa, ko da yake kowa ya san yadda ake zuwa a tarar babu maganin saboda kuɗin gwamnati bai iso likita da wuri ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Tattaunawar da ake yi kan irin waɗannan dokoki, murhu ce mai duwatsu uku: gwamnati, da ƙungiyoyin masu ɗaukar ma'aikata, da manyan ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN da CNT. Su ke zama a Yamai su ja, su sassauta, su sa hannu. Tsari ne mai kyau, kuma da shi ma'aikata suka sami abubuwa da dama, har da ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa jika 42 a farkon 2024. Amma mu wane dutse ne a cikin ukun? Mu ba ma'aikatan kowa ba ne. Mu kuma ba manyan kamfanoni ba ne. Wanda ke wakiltar malamin lakwal ya san ciwon malamin lakwal, bai san abin da ake nufi da kaya su kwana goma a dwan ba, kuma ba laifinsa ba ne. In ba mu je mun faɗi namu da bakinmu ba, za a ɗinka mana riga da awon wani, ranar da muka ƙi sawa a ce ƴan kasuwa ba su da wayewa.

Kakanninmu sun taɓa ganin irin haka. Bayan yunwar 1931, Turawan mulkin mallaka sun tilasta wa talakawa zuba hatsi a rumbunan ajiya na hukuma. Tanadi don ranar yunwa ba mugun tunani ba ne. Amma an yi shi da bulala, ba a tambayi mai hatsi ba, makulli kuma yana hannun wani. Mutane suka tsane shi, suka riƙa ɓoye amfanin gonarsu. Duk asusun da aka kafa mana ba da mu ba, haka za mu yi masa, ni ma na sani, ku ma kun sani.

Tun da mu mutanen hanya ne, bari mu leƙa maƙwabta. Nijeriya ta ƙaddamar da fansho na masu sana'ar kansu a Maris na 2019. Mutum yana zuba abin da ya samu, kullum ko mako ko wata, kuma a lokacin da aka ƙaddamar da shi an raba kuɗin biyu: kashi 40 cikin ɗari yana iya cira in buƙata ta taso, kashi 60 na jiran tsufa. Wannan rabon ya burge ni, don wanda ya tsara shi ya gane cewa ɗan kasuwa ba zai yarda a kulle masa duk kuɗinsa shekara ashirin ba alhali jari na iya karyewa gobe. Duk da haka waɗanda suka shiga ba su taka kara sun karya ba in aka kwatanta da yawan masu sana'a a can. Baƙinmu na Katsina suna nan, ku tambaye su mutum nawa suka sani a kasuwarsu da ya yi rajista. Kamaru ta buɗe ƙofar asusunta na CNPS ga masu zaman kansu a 2014: mutum ya faɗi abin da yake samu, ya riƙa biyan wani kaso a kai. Gana kuwa ta fara da lafiya, ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, kuma tun ƙarshen 2018 mutum na sabunta katinsa ta wayar salula ba tare da ya bar rumfarsa ba. Abin da na fahimta daga ukun nan shi ne doka kaɗai ba ta kawo mutane. Sai abin ya dace da yadda kuɗi ke shiga aljihunsu, sai kuma sun yarda da mai riƙe makulli.

To in an ba mu wuri a kan tabarma, me za mu ce?

Ni dai abin da zan fara faɗa shi ne lokacin zubi. Kuɗinmu ba na wata wata ba ne. Mai wake da mai riɗi suna da kuɗi da kaka. Mai albasa yana da lokacinsa. Mai dabbobi yana ganin shekararsa ne gab da babbar salla. A bar mutum ya zuba na wata shida a zama ɗaya ranar da ya samu, kuma kada a kore shi ko a ci shi tara don ya yi wata uku bai zuba ba. A bar shi ya biya ta waya ko ta wuraren aika kuɗi da ke kowace tasha, don wanda zai rufe shago ya je ya yi layi a ofis ba zai je sau biyu ba.

Sai babbar magana, wadda ba wanda zai ɗauko ta in ba mu ba, wato iyaka. Akwai ɗan Maraɗi da ya yi shekara goma sha biyar a Dawanau. Akwai ɗan Daura da ke zaune a Matamaye da iyalinsa. Direbanmu yana iya yin haɗari a hanyar Kano, a kwantar da shi a can. Katinsa na nan zai yi masa aiki a can? Wanda ya zuba a ƙasashe biyu, za a haɗa masa shekarunsa ko kowace ƙasa za ta ce bai cika ba? Ƙasashen da ke cikin CIPRES, wato ƙungiyar asusun kariyar jama'a ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, suna da yarjejeniya a tsakaninsu kan haka, amma Nijeriya ba ta ciki, kuma ita ce babbar kasuwarmu. CEDEAO ma tana da tata yarjejeniyar, sai dai ƙasarmu ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025. Ban zo yin siyasa ba, kowa da ra'ayinsa a kan wannan. Abin da nake cewa shi ne hanya ɗaya ta rage, ƙasashen biyu su yi magana kai tsaye. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya da aka kafa tun 1971, mazauninta na Yamai. Mu da takwarorinmu na ƙetare mu rubuta takarda ɗaya, mu sa hannu tare, kowa ya kai wa hukumomin ƙasarsa. A cikin takardar kuma a yi maganar kuɗin da za a biya mutum da shi. Ƴan canji suna nan, sun fi ni sanin abin da ya sami naira daga 2023 zuwa yau. Wanda ya tara da naira ya dawo gida yana kashewa da sefa ya san zafin abin.

Akwai kuma tambayar da wani malami ya yi mini da na je masa da wannan zance: kuɗin nan da za a tara, ina za a juya su? In da riba za a juya su, da yawa daga cikin iyayenmu ba za su sa ko dala ba, kuma suna da hujja. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, a faɗe shi a gaban gwamnati. Nijeriya ta buɗe wani sashe na asusun fansho da ba ya mu'amala da riba a 2021, saboda haka abu ne mai yiwuwa. A sa malamai cikin masu duba tsarin tun farko. Shi kansa tanadi ba ya karo da tawakkali. Annabi Yusuf, alaihis salam, ya tara hatsin shekarun wadata domin shekarun fari.

Na san abin da ke ran wasunku tun da na fara, bari in faɗe shi da kaina. Kuna tsoron in kun ba da suna da abin da kuke samu, gobe takardar ta faɗa hannun masu haraji. Tsoron nan ba na banza ba ne. Shi ya sa za mu nemi a rubuta a doka abin da za a yi da sunayenmu da abin da ba za a yi ba. Mu kuma nemi kujera a majalisar da ke kula da asusun, da bayanin shiga da fita kowace shekara, a karanta shi da Hausa a rediyo. Wanda ke zuba kuɗi yana da ikon ya ga littafi. Ni da nake riƙe da ɗan wannan littafin, duk wanda ya ce in buɗe masa ina buɗewa, balle asusun ƙasa.

Hajiyoyi, ban manta da ku ba. Ku kuka fi kowa iya adashi, ku kuka fi kowa cika alkawarin zubi, amma in aka tashi tura wakilai sai a tura maza zalla. Macen da ta haihu tana barin kasuwa aƙalla kwana arba'in, ba mai biyanta ko tamma, wani lokaci jarin ma a nan yake narkewa. Wannan ku za ku faɗe shi, don in namiji ya je zai manta. Haka ƴan dako da yaran mota, waɗanda su ne haɗari ya fi samu, kuma da yawansu ko takardar haihuwa ba su da ita balle katin ɗan ƙasa. In aka ce sai da takarda za a yi rajista, an bar su a baya tun ba a tashi ba. A haɗa rajistar da ba da takardun, a zo tasha a yi.

Yanzu iyayena ku yi mini haƙuri, zan taɓa inda ke da ciwo. Ba za mu je mu ce gwamnati ta kare mu ba alhali mu ba mu kare na ƙarƙashinmu ba. A cikinmu akwai masu motoci uku, huɗu, da direbobin da suka yi musu shekara goma. Akwai masu yaran shago da ake biya duk wata. Waɗannan ma'aikata ne, kuma doka ta riga ta ce a yi musu rajista a CNSS. A kan albashin jika 42, rabon mai gida bai kai jika bakwai a wata ba. Na taɓa raka wata mata da ƴaƴanta huɗu wajen mai motar da mijinta ya rasu a cikinta. Mutumin kirki ne, ya ba da buhun gero biyu da kuɗin sadaka, ya yi kuka. Bayan wata shida ba wanda ya sake tambayar yadda suke. Da an yi wa mijin rajista, da tana da abin karɓa. In muka je Yamai, wakilan ƙwadago za su jefo mana wannan tambaya, kuma gara mu je da amsa.

Game da asusunmu na ƙungiya, ga lissafin da na yi. A ce mutum 500 suka yarda da dala ashirin kullum, kuɗin shayi ke nan. Jika uku ne a wata, jika 36 a shekara, gaba ɗaya miliyan 18. Wannan zai ɗauki jinya da jana'iza da ɗan tallafin wanda gobara ta cinye wa rumfa, ba tare da na bi kowa da biro ba. Ba zai biya fansho ba, kada in yaudare ku. Fansho sai asusun ƙasa, mai mutane da yawa da doka a bayansa. Amma ƙungiyar da ta je da jerin sunayen mambobinta da shaidar cewa suna zubi shekara guda ba fashi, ba za a sa ta a kujerar baya ba. Sharaɗi dai kuɗin su kwana a banki da sa hannun mutum uku, kuma wanda ke riƙe da littafi kada ya riƙe kuɗi. Da ni nake, da duk wanda zai gaje ni.

Saboda haka ina roƙon shugaba da majalisa abu uku kafin a watse. A kafa kwamitin mutum bakwai, a ciki da mata biyu, da direba, da wakilin ƴan dako, da malami. A ba mu wata uku mu ƙidaya mambobi: sana'ar kowa, shekarunsa, iyalinsa, ƙasar da ya fi zama, da lokacin da kuɗi ke shigo masa. Sannan a rubuta wa Majalisar Ƴan Kasuwa da manyan ƙungiyoyin ƙwadago da ofishin CNSS na jiha cewa muna neman zama da su, mu aika kwafi ga ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka.

Takardun ƙidayar na riga na buga su, suna kan teburin da ke bakin ƙofa. Bayan sallar la'asar zan zauna a wurin har magariba, wanda bai iya rubutu ba ni zan cika masa. Dattijon da na ba ku labarinsa kuma, na gaya masa zan yi maganarsa yau, ya ce in gaishe ku, in kuma ce a rubuta sunan ɗansa na farko a cikin jerin.

Abin da na yi kuskure Allah ya yafe mini, ku ma ku yafe mini. Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya tsare matafiyanmu, ya mai da baƙinmu gida lafiya.